Sawun Tulun Girkawa

Ruwan bai gama ɗaukewa ba aka gane tulun ba ya nan.

Ranar Asabar ce, bayan la'asar, a wani gidan nune-nune mai zaman kansa da ke kallon tafkin Titiwangsa a Kuala Lumpur, babban birnin Malesiya. Gidan ya aro kayan Girkawa da Rumawan dā daga wani gidan tarihi na Turai. Akwai kawunan farin dutse, da fitilun yumɓu, da kofuna masu kunne biyu, da mutum-mutumin wani saurayi mai guntulallen hannu wanda ya shekara dubu biyu a tsaye bai nemi kujera ba. Amma sarkin kayan shi ne tulun. Tulun ɗiban ruwa ne da aka tono daga wani kabari a Italiya, mai kunne uku, biyu a gefe na ɗagawa, ɗaya a baya na tsiyayawa. A jikinsa an zana 'yan mata da baƙin launi a kan jan yumɓu, sun yi layi a bakin wani famfo mai kan zaki. Masu zuwa tulunansu a kwance suke a ka, masu komawa nasu a tsaye. Duk Bahaushen da ya tsaya gabansa sai ya yi shiru, don ya san wannan layin. Ya taɓa ganinsa a bakin rijiyar garinsu.

A ranar ne ƙungiyar ɗaliban Arewa ta kawo iyalai ziyara. Mata sun daɗe a gaban kan wata Barumiya suna gardama a kan kitsonta, ko shuku ne ko doka. Bayan kowa ya ga tulun, aka fitar da shi daga gilashinsa zuwa ɗakin aiki don a ɗauki hotonsa ta kowane gefe. Sai sama ta kece da ruwa irin na Kuala Lumpur, wanda ba ya sallama. Wuta ta ɗauke a zauren, silin ɗakin aiki ya ɓalle, aka yi ta fitar da mutane ta kowace ƙofa. Da aka dawo, tebur na nan, ruwa na nan, tulu ya yi ɓatan dabo.

Na ƙarshe da ya kasance tare da shi Abdulbasit ne, ɗan Gusau, ɗalibin digiri na biyu a fannin gyaran kayan tarihi, mai aikin sa kai a gidan. Yana da gemu da ɗagaggen wando, kuma kowa ya ji shi ranar buɗe nunin yana cewa shi ba zai kalli wancan gunkin tsiraran ba.

Puan Sharifa, mai kula da kayan, ta tara 'yan sa kai a ofishinta. Ta ce mai gidan ba ya son labarin yoyon rufinsa ya kai jarida, don haka ya ba da zuwa safiyar Litinin. In tulu bai fito ba, sunan Abdulbasit za a kai wa 'yan sanda. Kowa a ɗakin ya san ma'anar haka. Biza ta tafi, tallafin karatu ya tafi, kundin da ya gama rubutawa yake jiran karewa ya zama takardar ƙunshe ƙosai.

*

A nan ne halinmu ya fito fili. Kafin magariba zauren ƙungiya na waya ya cika da malamai da alƙalai. Wani ya ce dama shi bai yarda da shirun yaron nan ba. Wani ya ce fasa shi ya yi don kishin addini. Wata ta ce a'a, a duba Al-Amin dai, ɗan gatan nan na unguwar Bukit Bintang, ai an ji shi yana tambayar nawa tulun zai yi a kasuwa. Daga nan kuma aka koma waƙar da muka fi ƙwarewa a kai, wato a yi haƙuri, a bar wa Allah, mu baƙi ne, kada a tada ƙura. Mutane masu digiri bibbiyu da uku-uku, babu wanda ya ce a je a duba ɗakin!

Bashira ce kaɗai ta ce, kuma ba ta tsaya faɗa a waya ba. 'Yar Zariya ce, tana digiri na uku a ilimin tonon kayan tarihi, ita ma 'yar sa kai ce a gidan. Ta yi shekaru tana rarrafe a ramukan tono a kudancin Kaduna, inda abokan aikinta suka laƙaba mata Mai Bin Sawu, don in ta durƙusa ta dubi ƙasa takan gaya maka abin da ya fara faɗowa da abin da ya biyo baya. Ta roƙi Puan Sharifa kada a share ɗakin aikin, ta shiga ita kaɗai.

Teburin an shimfiɗa masa ƙyalle mai kauri, ya jiƙe sharkaf. A daidai tsakiyarsa wani ɓangaren silin ya faɗo, mai nauyin da zai fasa kan mutum. Bashira ta ɗaga shi a hankali. A ƙarƙashinsa babu ko tsinken yumɓu. Abin da ke wurin wata da'ira ce, girman gindin tulu, wadda ba ta sha ruwa kamar sauran ƙyallen ba.

Ta zauna a kan dugaduganta tana kallonsa. Tulun na kan tebur lokacin da ruwa ya fara zuba, shi ya kare wannan da'irar. An ɗauke shi bayan yoyon ya fara, kafin silin ya faɗo. A gefen tebur kuma ga kyamarar ɗaukar hoto mai tsada, wadda za ta iya shiga aljihun riga, an bar ta tana wanka. Ga safar hannu a ninke, ga akwatin tulun mai soso a ƙarƙashin tebur, babu wanda ya taɓa.

"Wane irin ɓarawo ne wannan," ta ce a ranta, "da zai jira ruwa ya fara zuba, ya bar mai sauƙin ɗauka, ya ɗauki mai fashewa?"

*

Da safiyar Lahadi ta sami Abdulbasit a kan benci a bakin tafkin. Masu gudun motsa jiki na wucewa, shi kuwa kamar an zare masa laka.

"Malama Bashira, wallahi ban san hawa ba ban san sauka ba."

"Ban zo karɓar rantsuwa ba. Me ka yi da ƙofa?"

"Na ja ta."

"Ka ja, ko ka kulle?"

Ya sunkuyar da kai. "An kira sallah. Na ce yanzu zan dawo."

"Kai ma ke nan! Yanzu-zan-dawo ce ta kashe mu." Ta ja numfashi. "An ce ka kira shi gunki."

"Saurayin nan na kira, wanda ko ɗan kamfai ba shi da shi. Tulu kuwa..." Ya ɗago, idonsa ya canza. "Kin lura da gashin yarinyar gaba? Da tsinin ƙarfe mai zanen ya ja shi, sili-sili, a kan abu mai lanƙwasa, kuma hannunsa bai yi rawa ba ko sau ɗaya. Na ƙara girman hoton har ya cika allo ina neman inda ya kuskure, ban samu ba. Ko wane ne mutumin nan, Allah ya ba shi hannu. Ni in fasa wannan? Ni da na yi ta roƙon Puan a rage laimar ɗakin, saboda kunnen bayan tsohon gyara ne, da danƙon dā aka manne shi, ba ya son damshi."

Bashira ta ajiye wannan maganar a gefe guda a ranta.

"Me za ka yi yanzu?"

"Dakta ya ce in yanki tikiti in tafi gida kafin Litinin. Wai shi ne rufin asirin kowa."

Dakta Muhyiddeen shi ne shugaban ƙungiya. Malamin jami'a ne da gwamnati ta turo ƙaro karatu, bai kare digirin ba tukuna, amma ya riga ya karɓi sunan, babu kuma wanda ya isa ya kira shi da wani.

"In ka hau jirgin nan," Bashira ta ce, "ka amsa laifin da ƙafarka. Har ka mutu kai ne ɓarawon tulu. Zauna."

*

Al-Amin ta same shi a shagon mamak, irin gidajen abincin nan na Indiyawa Musulmi, da ke bayan wani katafaren kanti a Bukit Bintang, gabansa faranti biyu, wayoyi biyu.

"Anti Bash! Zauna ki makan, ki ci ki ƙoshi, yau ni ne gwamnati." Ya ɗaga hannu ga mai shago. "Boss, shayi ɗaya lah, mai kumfa."

"An ce ka tambayi kuɗin tulu."

"Haba Anti! Abeg. Ni ko masallaci na shiga sai na tambayi nawa aka kashe. Jinin Kantin Kwari ne, ba laifina ba ne."

"An ce ka fita da babbar jaka."

"Na fita da ita, kuma Pak Hadi mai gadi ya zazzage ta a gaban 'yan mata. Takalman ƙwallo, da safa wadda ta kwana biyu ba ta ga sabulu ba. Mutuncina ya zube a Titiwangsa, Anti, har yau ban je na kwaso ba." Ya yagi gurasar roti ya dangwala. "Ni aka caje, ni mai ɗan kunne. Masu babbar riga kuwa sai sannu da zuwa. Ko Dakta da ya sauko daga ɗakin sallah ta bayan gida da dardumai, wa ya kalle shi?"

"Waɗanne dardumai?"

"Na ƙungiya, waɗanda aka kawo don baƙi. Ya naɗe su ya rungume kamar sabon jariri. Na ce Dakta kawo in kai maka mota. Ya daka mini tsawa, wai in tafi harkata. Dakta fa, Anti! Mutumin da ko jakar kwamfutarsa sai an riƙe masa."

Bashira ta kurɓi shayin tana lissafi a ranta. Dakta ba ya kusa da ɗakin aiki lokacin da ruwa ya fara. Mutum ashirin sun gan shi a zaure yana yi wa baƙi bayanin Rumawa, mafi yawansa ba daidai ba. In shi ya fita da tulun, to ba shi ya ɗauke shi daga tebur ba. Akwai wani sawu a tsakani.

*

Kyamarorin zaure sun mutu tare da wutar. Guda ɗaya ce ta rayu, wadda ke lungun baya, daga ƙofar ɗakin aiki zuwa ƙofar da ke fita matattakalar ɗakin sallah. Ita ma wuyanta ya saki, ta sunkuyar da kai, ba ta kama kowa sai daga kafaɗa zuwa ƙasa.

"Tun yaushe take haka?" Bashira ta tambaya.

Pak Hadi ya sosa ƙeya. Tun bara, ya ce. An ce za a gyara.

Ashe ciwon ba namu ne mu kaɗai ba. Rufi na yoyo an ce za a gyara, kyamara ta sunkuya an ce za a gyara, sai abin da ya tsallake shekara dubu biyu da ɗari biyar ya zo ya kusa mutuwa a hannun "za a gyara".

Puan Sharifa ta ce sun kalli hoton har sun gaji. Mutum uku ne suka bi lungun. Abdulbasit ya wuce sallah hannu rabbana, tun kafin ruwa. Mai shara ta wuce da ɗan bokiti. Sai wata mata mai goyo.

"Matar shugabanku ce," in ji Puan Sharifa. "Babu komai a hannunta. Mun duba."

Mero ce, Maman Hanan. Bashira ta san zanen. Hannunta ɗaya na tallafe da gindin goyon, ɗaya kuma sake yake, shi ta miƙa ta tura ƙofa da shi.

"Mayar da shi baya, Pak."

Ya mayar. Bashira ta matso har hancinta ya kusa taɓa allon. Kafaɗun matar ba sa motsi ko kaɗan, ƙugu ne kawai ke tafiya. Takun gajere ne, ƙafa na shafar ƙasa kafin ta taka. Kowa a gidan yana gudu a lokacin, ita kuwa kamar mai rangwaɗa. Da ta iso ƙofa ta tura, sai ta lanƙwasa gwiwoyinta biyu, bayanta a miƙe sambal, ta wuce a haka, sannan ta miƙe.

"Ƙara mayarwa."

Wannan karon goyon ta duba. Jiya kafin ruwa ta yi wa Hanan wasa a bayan uwarta, ta kuma tuna jan majanyin da aka ɗaure a kan zanen. A hoton zane ne kaɗai. Shi ya sa hannu ke tallafe da yarinyar.

Bashira ta tashi ta tafi lungun, ta tsaya a ƙarƙashin ƙofar, ta miƙa hannu sama. Da kyar yatsunta suka taɓa dokin ƙofar. Ita kuwa ta fi Mero tsawo nesa ba kusa ba.

Dariya ta kubce mata, sai kuma ta ji idonta ya kawo ruwa. Ta yi shekaru tana neman sawu a ƙasa, yau ga sawu a inda kyamara ba ta gani.

"Kin ga wani abu?" Puan Sharifa ta tambaya daga bayanta.

"Na ga tafiyar da na sani. Puan, ki zo gidan shugabanmu a Sentul yau da la'asar, da akwatin tulun da safar hannu. Ki jira ni a ƙasa, sai na kira ki."

*

Dakta da kansa ya kira taron, a falonsa da ke hawa na sama a wani dogon bene a Sentul, inda ake hango tsoffin layukan jirgin ƙasa ta taga. Manyan ƙungiya sun zauna a kujeru, samari a ƙasa. Abdulbasit na rakuɓe a jikin bango. Al-Amin ya zo ba a gayyace shi ba. Hajiya Ɗelu, wata dattijuwa da ta zo daga Ɗanbatta taya 'yarta jego, ta sami kujera a kusa da talabijin. Mero na shiga tana fita da zoɓo da cincin, idanunta jajur, ba ta kallon kowa.

Dakta ya gyara babbar riga ya fara. Ya ce mu baƙi ne a ƙasar mutane. Ya ce sunan Najeriya ya riga ya sha wuya a garin nan. Ya ce ba a cewa yaron nan ya yi, ba a kuma cewa bai yi ba, amma wani lokaci mutum ɗaya kan ɗauki ƙaddara don jama'a su huta. Kawuna suka yi ta gyaɗawa.

"Dakta, a ba ni talabijin ɗin nan na ɗan lokaci," in ji Bashira.

"Malama Bashira, manya na magana."

"Manya sun yi magana tun jiya, ba su ce komai ba."

Al-Amin ya riga ya tashi yana haɗa wayarta da talabijin, bakinsa har kunne.

Ta fara da da'irar da ta gani a kan tebur. Ta ce wanda ya ɗauki tulun bai shirya ba, ruwa ne ya sa shi. Abdulbasit da zai ɗauka, da safar hannu da akwati zai ɗauka, don haka aka koya masa, kuma yana sahun sallah. Al-Amin an zazzage shi a ƙofa.

"Har safa," in ji Al-Amin.

"Yanzu ku kalli wannan. Mutanen gidan nune-nune sun kalle shi har sun gaji, hannu suke dubawa. Mu ma da muka yi boko hannu muke dubawa. Ina so wanda ya taɓa zuwa rijiya ya gaya mini abin da ya gani."

Hoton ya fara. Mata mai goyo ta taho a hankali, ta tura ƙofa, ta rusuna.

Hajiya Ɗelu ta tafa hannu. "Yo wannan ai da kaya a kanta! Ku dubi wuyanta, ku dubi yadda ta kai gwiwa a ƙofa. Kuma kayan dogo ne, tana tsoron ya taɓa sama." Sai ta tsaya, ta ƙura ido. "Kai, wannan zanen ba na Maman Hanan ba ne?"

Tiren da ke hannun Mero ya yi ƙara.

"Maman Hanan, shiga ciki," in ji Dakta.

"Ba zan shiga ba, Baban Hanan." Ta ajiye tiren a kan tebur. "Tun jiya abinci bai wuce mini ba. Hanan ce ta dame ni da kuka, na nemi inda zan ba ta nono, na ga ƙofa a buɗe na shiga. Ina zaune sai ruwa ya fara ɗiga a kan tulun nan. Na ɗaga kai na ga sama ta yi ciki kamar za ta haihu. Na yi kira, babu kowa, ga duhu. Ƙasa ta yi santsi, ga goyo. In na rungume shi na zame, shi ke nan. Ni abin da nake tsoron ya fashe a ka nake ɗora shi, haka na tashi. Na kwance majanyi na naɗa gammo. Ina fita na ji rugugin abin a bayana."

Ta gyara mayafinta ta ci gaba.

"Na kai shi ɗakin sallar mata lafiya lau. Wajen saukewa ne na kama kunnen baya, sai ya biyo hannuna." Hawaye suka zubo mata. "Na kira Baban Hanan ina kuka. Ya ce in na buɗe baki ɗaure ni za a yi, a raba ni da 'yata."

Duk ido ya koma kan Dakta. Ya cire hula ya mayar.

"Iyalina nake karewa," ya ce. "Da sunan ƙungiya. Na yi niyyar in ƙura ta lafa in kai musu in ajiye a bakin ƙofa."

"Ƙurar da kake jira ta lafa tana zaune a jikin bangonka, Dakta," in ji Bashira. "Sunansa Abdulbasit. Matarka ta yi abin da babu ɗayanmu da ya yi, ta ceci abin da duk duniya babu na biyunsa, da goyo a bayanta, a cikin duhu. Da ka riƙo hannunta ka kai ta gaban Puan Sharifa, da yau hotonta ake ɗauka. Sai ka naɗe alherinta a darduma ka mai da shi sata, ka kuma nemo wanda za ka rataya wa. Mu kuma muka zauna muna gyaɗa kai!"

Abdulbasit ya miƙe a hankali. Bai ɗaga murya ba.

"Dakta, mahaifina ne ya damƙa ni a hannunka a filin jirgin Kano. Da na hau jirgin nan, me za ka ce masa?"

Dakta ya tashi ya buɗe musu ƙofar uwar ɗaka, Bashira kuma ta kira Puan Sharifa a waya.

*

Tulun na cikin akwatin Mero, a tsakiyar atamfofinta, zaune a kan jan gammon da ya kawo shi. Kunnen ta naɗe shi daban a cikin hular Hanan. Puan Sharifa ta hawo da akwatinta, ta durƙusa a gaban tulun tana duba shi ta kowane gefe. Abdulbasit ya sa safar hannu ya ɗauki kunnen, ya juya shi a hasken taga.

"Ba karaya ba ce," ya ce. "Tsohon gyaran ne ya saki, ga danƙon nan ya yi laushi kamar tuwo. Ko wa ya taɓa shi jiya sai ya biyo shi. Yumɓun bai yi ko ƙwarzane ba."

Mero ta zauna daɓas a bakin gado ta rufe fuska da mayafi.

Puan Sharifa ta ce za ta rubuta wa masu tulun duk abin da ya faru, da rufin, da kyamarar, da matar da ta ɗauke shi kafin silin ya sauka. Mai gidan nune-nunen yana da nasa bayanin da zai yi, ba ta jin zai so 'yan sanda su zo su kalli silinsa. Dakta ya matso yana murza hannu, ya fara cewa ko za a iya rufa asiri a kan batun dardumai. Ta dube shi ta saman tabarau, ta ce wannan tsakaninsa ne da mutanensa. Mutanensa kuwa, a karon farko, babu wanda ya ce a bar wa Allah. Kafin a watse ya ajiye shugabanci, ya kuma kira mahaifin Abdulbasit a Gusau a gaban kowa.

Da aka mayar da tulun gilashinsa, Abdulbasit ne ya taya Puan Sharifa manne kunnen, da izinin masu shi. Bashira ta je Sentul da kanta ta ɗauko Mero, don ranar ziyara Hanan ba ta bar ta ta kalli komai ba, da ruwa ya sauko kuma duhu ne.

Mero ta tsaya gaban gilashin da goyonta, jan majanyin ya koma wurinsa. Ta bi layin 'yan matan da ido ɗaya bayan ɗaya, tana murmushi.

"Anti Bashira, ashe su ma da gammo suke ɗauka. Ga shi nan a kansu, ɗan ƙarami."

"Da shi suke ɗauka."

"Wannan ta gaban gwana ce, hira ma take, ko a jikinta." Ta matsa gefe, ta nuna ta ƙarshen layi da yatsa ba tare da ta taɓa gilashin ba. "Amma wannan sabuwar koyo ce. Kin ga ta ɗaga hannu ta riƙe kunnen, wuyanta duk ya sandare. Tsoro take kada ya faɗi."

Bashira ta sunkuya ta duba. Hannun yarinyar na nan a sama, siririn baƙin layi, a manne da kunnen tulunta tun kafin a gina ganuwar Kano.

Mero ta gyara goyonta, ta ɗan girgiza Hanan.

"Bar ta," ta ce. "Za ta iya. Kowa da haka ya fara."